DARASI NA 17: TSANE MOTA BAYAN WANKI

Motoci da yawa suna bin hanyar da ta tashi daga Sakkwato, ta ratsa Achida, ta nufi Goronyo. Waɗansu suna ɗauko albasa da shinkafa daga fadamun Wurno. Waɗansu suna kawo masu ziyarar hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a Wurno a 1837. Kowace mota sai ta sha ƙura. Don haka samari da yawa sun kama sana'ar wankin mota.

Amma wanki rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne tsanewa. Wanda bai iya ta ba zai bar wa mota aibu biyu: farin tabo da karce. Mai mota in ya ga haka ba zai komo ba, abinci ya tsere ke nan.

ME KE KAWO TABO?

Ruwan rijiya ba ruwa ba ne zalla. Akwai gishirin ƙasa narke a cikinsa, ido ba ya gani. Ƙasar Sakkwato tana da farin dutse da yawa, irin wanda ake haƙa a Kalambaina ana yin siminti da shi. In ruwa ya ratsa ta cikinsa sai ya kwaso kaɗan. Rana tana shanye ruwa, amma ba ta shanye gishirin.

Ku gwada da kanku. Ku ɗiga ruwan rijiya a kan madubi, ku aje a rana. In ya bushe za ku ga farin zobe. Shi ne tabon da ke fita a jikin mota. In ya daɗe sai ya kama fenti, ya yi wuyar fita.

ME KE KAWO KARCE?

Rairayi ne. Ƙwayar rairayi ta fi fenti tauri. In guda ɗaya ta maƙale a tsumma, duk inda ka goga sai ta ja layi. In layukan suka yi yawa sai fenti ya dushe. Kuɗin sāke fenti kuwa ya fi ladan wanki da yawan gaske.

GA YADDA AKE YI

1. Yi aikin a inuwa, da safe ko da maraice. A watan Afrilu zafin ƙasarmu yakan wuce digiri 40. Jikin mota mai zafi yana busar da ruwa kafin ka kai hannu.

2. In ruwan gulbin Rima ne, ko na gulbin da ya bi ta Rabah, ɗebo shi a bokiti, ka bari laka ta kwanta. Yi aiki da na sama kaɗai.

3. Ɗauraye mota sarai daga bisa zuwa ƙasa, har kumfa da ƙura su fita duka. Kada ka goge wurin da bai fita ba.

4. Kada ka jira iska ta busar maka. Fara tsanewa nan da nan.

5. Nemi ƙyalle mai laushi, mai shan ruwa, mai tsabta. Tsohuwar riga mai maɓalli ko zif ba ta yi ba.

6. Fara da rufi, sa'an nan gilasai, sa'an nan ƙofofi. Shimfiɗa ƙyallen, ka ja shi a hankali. Kada ka danna, kada ka murza. In ya jiƙe, matse shi.

7. Ƙafafun mota da gindinta su ne na ƙarshe, kuma da wani tsumma dabam, don nan rairayi ya fi yawa.

8. In ƙyalle ya faɗi ƙasa, kada ka mai da shi jikin mota sai ka wanke shi.

9. Buɗe ƙofofi ka goge bakinsu, don ruwan da ya ɓoye a nan yakan tsiyayo daga baya.

Da hunturu a ƙara lura. Ƙura tana sauka a kan mota tun ba a gama ba. In ka gan ta, sāke zuba ruwa, kada ka goge ta a bushe. Mai babur da mai keke, wannan darasi naku ne ku ma. Rigakafi ya fi magani.

TAMBAYOYI

1. Me rana take bari a jikin mota in ta shanye ruwa?
2. Don me ake ware tsumman ƙafafun mota dabam?
3. In ƙyalle ya faɗi ƙasa, me za ka yi?

Rubuta waɗannan kalmomi a littafinka: tabo, ƙyalle, ɗauraye, rairayi, inuwa.