Kada Ku Bar Mai Jira Cikin Duhu

'Ya'yana masu rubuta makro a Excel, ina ganin yadda kuke haɗa 'yan layukan umarni, aikin da akawu zai kwana yana yi da hannu ya kammalu kafin shayi ya huce. Wannan baiwa ce. Sai dai akwai haƙƙi guda da yawancinku kuke mantawa da shi, wato haƙƙin wanda ya danna maɓalli ya zauna yana jira.

Ku dubi ma'aikaciyar ofishin albashi a ƙarshen wata. Ta buɗe jadawali mai layi 20,000, ta danna maɓallin da kuka yi mata, sai komai ya tsaya cik. Kun kashe ScreenUpdating don aiki ya yi sauri, kuma kun yi daidai, amma ita ba ta sani ba. Windows kuwa, in manhaja ta yi kamar sakan 5 ba ta kula ta ba, takan dusashe tagar ta rubuta a sama cewa ba ta amsawa. Me baiwar Allah za ta yi? Sai ta danna Esc, aiki ya yanke a tsakiya, rabin layuka sun sauya, rabi suna yadda suke. Ctrl+Z kuma ba ya dawo da abin da makro ya taɓa. In ta adana fayil a haka, albashin mutane ya rikice. Laifin ba nata ba ne, na wanda ya bar ta cikin duhu ne.

Tun 1993 Jakob Nielsen, masanin sauƙaƙa amfani da manhaja, ya bayyana cewa jiran da ya wuce sakan 1 yana katse wa mutum tunani, wanda ya wuce sakan 10 kuwa hankali kan bar wurin gaba ɗaya. Duk makro da zai haura haka, wajibi ne ya riƙa magana.

Hanya mafi sauƙi ita ce ɗan layin nan na ƙasan tagar Excel. Da Application.StatusBar za ku rubuta saƙo a wurin ba tare da aiki ya tsaya ba. Ku haɗa da DoEvents, wanda ke bai wa Excel damar sabunta fuskarta da amsa kiran Windows. Amma kada ku yi haka a kowane layi, domin saƙon kansa yana cin lokaci; bayan kowane layi 100 ko 500 ya wadatar. In aikin mai tsawo ne sosai, ku yi ƙaramar taga ta UserForm mai sandar da ke cika a hankali, ku buɗe ta da vbModeless don kada ta tare hanya. Ku guji MsgBox a tsakiyar aiki, domin yana tsayar da komai sai an danna shi. Mutum zai tafi salla ya dawo ya tarar ko taku ɗaya ba a ƙara ba. Masu aiki da Google Sheets kuma suna da toast, saƙon da ke leƙowa a kusurwar ƙasa ya ɓace da kansa.

Abin da ya fi kayan aiki muhimmanci shi ne gaskiyar saƙon. “A ɗan jira” bai faɗi komai ba. “Layi 4,500 cikin 20,000” ya gaya wa mai jira cewa aiki na tafiya, ya kuma ba shi damar auna sauran lokaci. In ba ku san adadi ba, ku faɗi mataki: ana karanta sunaye, ana lissafin haraji, ana adanawa. Kada ku yi sandar da za ta ruga zuwa kashi 99 ta maƙale. Wanda aka yaudara sau ɗaya ba zai sake yarda da ita ba. Ku kuma yi wa mai jira magana da harshen da yake ji. Wurin rubuta VBA, wato harshen makro, ba ya karɓar ƙ da ɗ da ɓ yadda ya kamata, don haka ku ajiye saƙonnin Hausa a wani shafi na jadawalin, makro ya riƙa ɗaukowa daga can.

In an gama, ku share wuri. Ku mayar da StatusBar zuwa False, ku kunna ScreenUpdating, ku tsara yadda hakan zai faru ko da kuskure ya katse aiki. Sannan ku ba da rahoto a taƙaice: layi nawa aka gama, nawa aka tsallake, da dalili.

'Ya'yana, kafin ku miƙa wa kowa makro, ku zauna a kujerarsa, ku danna maɓallin, ku jira kamar ba ku san abin da ke ciki ba. Duk inda zuciyarku ta fara shakka, nan ne wurin saƙo. Allah ya sa ilminku ya amfani jama'a.