Darasin Wannan Wata: Babur Ya Dawo Daga Sabis Yana Mutuwa

Darasinmu na wannan wata a kan babur ne.

A ce ka kai babur ɗinka wurin makanike ranar kasuwa. An juye baƙin mai, an goge fulogi, an wanke kafireto, an ɗaure sarƙa. Ka biya kuɗi ka hau. Ba ka kai rabin hanyar gida ba sai inji ya yi tari ya mutu. Ka buga kik ya tashi, ka ɗan taɓa tafiya, ya sake mutuwa. Ga buhun taki a baya, ga rana tana shirin faɗuwa.

Yawancinmu fushi muke fara yi. Wani ya ce an cire masa kaya mai kyau an sa masa tsoho. Wani ya wuce wurin wani makaniken, a ce masa sai ya sayi sabon kafireto. Sau da yawa kuwa abin bai kai nan ba. Babur ɗin da ya je sabis da ƙafarsa ya dawo yana mutuwa, to a fara duba wuraren da hannu ya taɓa. Watakila an manta ɗaure wani abu, ko an ɗaure shi fiye da kima.

Inji yana son mai, yana son iska, yana son wuta. In ɗaya ya yi kaɗan ko ya yi yawa, sai ya mutu. Aikinka shi ne ka lura da lokacin da yake mutuwa, domin lokacin shi zai nuna maka inda cutar take.

In yana mutuwa da ka saki totur

Wannan ita ce ta fi yawa, kuma ta fi sauƙi. Da farko duba cok. Makanike yakan ja cok don ya tayar da inji, sai ya manta ya mayar. Inji mai zafi ba ya son cok, mai ne zai yi masa yawa ya shaƙe shi.

In cok yana daidai, to silo ne ya yi ƙasa. A jikin kafireto akwai sukuru mai sifirin, wanda ke riƙe inji yana aiki a hankali. Bari inji ya yi zafi tukuna, sannan ka murɗa shi dama kaɗan kaɗan har ƙarar ta zauna. A irin su Honda CG125 ana son juyi kamar 1,400 a minti ɗaya, amma kunnenka ya ishe ka. Akwai wani ƙaramin sukuru kusa da shi mai daidaita mai da iska. Wannan kam ka bar wa makanike.

In ka ji ƙarar tana hawa tana sauka da kanta, duba robar da ta haɗa kafireto da inji. In ba a ɗaure ta sosai ba, ko ta tsage wajen cirewa, iska za ta riƙa shiga ta ɓarauniyar hanya.

In yana tafiya kaɗan ya mutu, ya huta ya tashi

Nan mai ne ba ya isowa da sauri. Kafireto yana da ɗan kofi a ƙasa inda mai ke taruwa. Inji ya shanye abin da ke cikin kofin, sai ya mutu. Ka tsaya minti biyu kofin ya cika, sai ya tashi. Shi ya sa mutane ke cewa babur ɗin yana da aljanu, alhali ƙishirwa yake ji.

Duba makullin mai da ke ƙarƙashin tanki. Masu karatu, ga amfanin yaƙi da jahilci: an rubuta ON, OFF da RES a jikinsa. ON a buɗe ke nan, OFF a rufe, RES kuma ɗan man ajiya ne na ƙasan tanki. Wankin kafireto yana cin mai, don haka in mai ya yi ƙasa sai ka juya zuwa RES. Sannan bi tiyo da yatsa daga tanki har kafireto. In an cire tanki an mayar, tiyo yakan lanƙwashe ko ya matse.

Akwai kuma murfin tanki. Yana da ɗan rami da iska ke shiga. In ƙura ta toshe shi, mai ba zai sauko ba. Da inji ya mutu, buɗe murfin. In ka ji iska ta shiga da ƙara, kuma babur ya tashi nan take, ka gano ɓarawon.

In an wanke babur da ruwa bayan sabis, ruwa yakan shiga kofin kafireto. Haka ma man kwalba na bakin hanya, wani lokaci da ruwa ko datti a ciki. Rufe makullin mai, ka kwance sukurun da ke ƙasan kofin, ka tari abin da ya zubo a gwangwani. Ruwa ya fi fetur nauyi, za ka gan shi ya kwanta a ƙasa. Kada a sha taba a wurin, kada kuma a haska da ashana ko aci-bal-bal.

Tambayi fulogi

Fulogi ba ya ƙarya. Da farko danna hularsa, ka ji ta zauna daram, ka kuma goge ruwa in akwai. Bari inji ya huce, sannan ka kwance fulogin ka dubi bakinsa. In launin ƙasa-ƙasa ne, lafiya lau. In baƙi ne da kunkunniya, mai ya fi iska yawa. In ya yi fari fat, iska ta fi mai yawa, kuma wannan yana sa inji zafi. Tazarar bakin fulogi a yawancin ƙananan babura milimita 0.6 zuwa 0.7 ce.

Baƙin fulogi bayan sabis yakan nuna soson tace iska, wanda makanikai ke kira iyakilina. Ana wanke shi, a shanya, a shafa masa baƙin mai kaɗan a matse. Yaron shago mai gaggawa sai ya mayar da shi a jiƙe sharkaf, inji ya kasa numfashi. Amma kada ka cire soson ka yar don ka ga babur ya ƙara gudu. Ƙurar hunturu za ta cinye ringi da fistan kafin damina.

Duba baƙin mai ma. Irin su Bajaj Boxer da CG125 kusan lita 1 suke sha. Tsayar da babur a miƙe ka duba sandar awo. In an cika ya wuce alamar sama, rarar takan bi tiyo ta jiƙa soson iska.

Biyu da sai makanike

In babur yana tashi lafiya da safe, amma da ya yi zafi sai ƙarfinsa ya ragu ya mutu, kuma kik ya yi laushi, tambayi makanike ko ya taɓa bawul. Tazarar bawul ba ta kai kaurin takardar littafinka ba, kuma sai inji ya yi sanyi ake saita ta. In an matse ta, ƙarfe yana zafi ya buɗe, bawul ya kasa rufewa. Kada ka ci gaba da hawa a haka, bawul ɗin zai ƙone, kuɗin gyara ya ninka.

In kuwa sai ka sa giya yake zabura ya mutu, wayar kuloci ce aka saki da yawa. Wasan hannun kuloci bai kamata ya wuce faɗin yatsa ɗaya ba.

In za ka koma, koma wurin wanda ya yi aikin, domin shi ya san abin da ya kwance. Ka je da wuri, kada ka bari a kwana uku. Ka yi sallama, ka ce, "Maigida, tun da na bar nan yake mutuwa in ya yi zafi. Na duba cok, na duba tiyo, fulogi kuma baƙi ne." Makaniken da ya ji haka zai san ba baƙo ne ya zo masa ba.

Aikin aji: Samu ɗan littafi ka ajiye domin babur ɗinka. Rubuta kwanan watan da aka yi sabis, da lambar kilomita da ke kan mita, da sunan duk abin da aka canja da kuɗinsa. Kawo wa malaminku ya duba rubutun a aji na gaba.