Ƙofar da ma'aikaci ke shigowa daga gida

A zamanin layukan NITEL, ma'aikacin da ke son shiga kwamfutocin ofis daga gida waya yake bugawa. Modem ɗinsa ya kira lambar ofis, na can ya ɗauka da wannan ƙara mai kama da kukan gyare, sannan rauta ta nemi suna da kalmar sirri ta hanyar PPP. Cisco 2511, wadda mai wannan rubutu ya koyi aiki a kanta, modem 16 take ɗauka, sauri kuwa iyakarsa kilobit 33.6 a daƙiƙa.

Tun a lokacin akwai zaɓin da ke nuna gwani: PAP na aika kalmar sirri tsirara, CHAP kuwa tambaya yake jefawa, sai mai kalmar ya iya amsawa ba tare da ya furta ta ba.

Yau VPN ce ta gaji modem, amma sakaci yana nan. An taɓa kiran mai wannan rubutu zuwa wani ofis a Kano inda, a gaggawar kullen korona na 2020, aka kunna VPN ta PPTP a kan rautar MikroTik. Suna ɗaya, kalmar sirri ɗaya, kowa da ita yake shiga, har akawun da ya ajiye aiki tuntuni. PPTP ɗin nan tun 2012 masu bincike suka nuna yadda ake fasa tantancewarsa ta MS-CHAPv2. Ga Winbox, manhajar sarrafa rautar, kuma a buɗe ga duniya ta tashar 8291, wadda ta nan aka yi ta satar kalmomin sirrin rautoci a 2018. Manajan ya ce ai ba a taɓa yi musu kutse ba. To, ina zai sani, rautar ba ta ajiye tarihin masu shiga?

Gyaran bai ci yini ba. Mai wannan rubutu ya ɗaga manhajar rautar zuwa RouterOS 7, ya kunna WireGuard, kowane ma'aikaci da makullinsa da adireshinsa, ya ƙayyade inda kowa zai iya kaiwa: mai lissafi ga sabar lissafi kawai. Ya toshe 8291 daga waje.

Abin da ya ja lokaci shi ne adireshin IP. Zuwa lokacin gyaran, intanet ɗin ofishin ya zama na layin SIM, wanda ake raba adireshi ɗaya tsakanin kwastomomi da yawa, don haka kira daga waje ba ya isowa. Sai da suka nemi tsayayyen adireshi daga kamfanin layin, sannan wata ma'aikaciya da ke Zariya ta samu shiga.