Matasa da Zancen Bambancin Ƙabila: Darasi ga Iyaye da Malamai

Yaro ɗan shekara goma sha biyar bai karanta Tsarin Mulki ba, amma yana da ido da kunne. Yakan ga an hana abokinsa takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma, alhali kuwa a unguwarsu aka haife shi. Yakan kuma ji cewa makin shiga Makarantun Haɗin Kai na Gwamnatin Tarayya ya bambanta daga jiha zuwa jiha. Daga nan sai gardama ta kaure a ɗakin kwana da filin ƙwallo. Wannan ya ce an danne ƙabilarsu, wancan ya ce ana yi wa tasu gori.

Abin da galibin matasa ba su sani ba shi ne tarihin lamarin. An buɗe makarantar sakandare ta farko a Legas a 1859, Kwalejin Katsina kuwa sai a 1921 aka kafa ta. Wannan tazara ta fiye da shekara sittin ta makarantu ce, ba ta basira ba. Babu ƙabilar da aka halitta da kaifin hankali fiye da wata.

Domin cike giɓin da haɗa kan ƙasa, aka buɗe Kwalejojin Gwamnatin Tarayya a Sakkwato da Warri da Okposi a 1966, aka kafa shirin Yi wa Ƙasa Hidima a 1973. Tsarin Mulkin 1979 ya kawo ƙa'idar raba muƙamai tsakanin sassan ƙasa. Na 1999 ya riƙe ta a sashe na 14, sashe na 42 kuma ya haramta nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabila, ko addini, ko wurin asali.

Duk da haka, yaron da ya ci maki mai yawa bai sami gurbi ba, kukansa na gaskiya ne. Haka ma na yaron ƙauyen da babu malamin lissafi a makarantarsu. Wajibi ne iyaye da malamai su saurari kowannensu, su bayyana musu dalili, su kuma tsawata wa mai kiran ɗan'uwansa da sunan raini. Yaron da aka rufe wa baki a gida zai nemi amsa wurin masu hura wutar gaba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.