DARASINMU NA WANNAN WATA: Gishirin da Ke Riƙe da Zuciyar Saniya da ta Mai Ita

  Muna gaida iyayenmu fatake, da masu gida, da dillalai, da yaran mota, tun daga nan Kawukudi, Nima da Mamobi har karar Tulaku ta Ashaiman.

Jama'a, kowa a cikinmu ya san wannan asara. A loda saniya lafiya lau a Fada Ngurma ko Puytenga, a ƙetare Paga, a yi tafiyar kimanin kilomita 800 ta Tamale da Kumasi. Ana sauke ta sai ka ga kunne yana karkarwa, ido ya kafe, tana tangaɗi kamar mai maye. Kafin a kira mahauci ta faɗi tana shure-shure, kumfa a baki. Mu ma ta taɓa faruwa a kanmu da wata saniya mai tsohon ciki, har muna tsaye a gefe muna jin bugun zuciyarta da kunnenmu. Wasu suka ce kambun baka ne, wasu suka ce direba ne. Da likitan dabbobi ya zo, sai ya ce mu fara tuhumar abin da ta ci da wanda ba ta ci ba.

MENE NE WANNAN GISHIRI?

Sunansa maganiziyam. Ba shi ne gishirin miya ba, kuma ba kanwa ba ne. Wani sinadari ne da ke cikin ƙasa, tsiro ya tsotse shi, dabba da mutum su same shi a abinci. Mafi yawansa a ƙashi yake, amma babbar dabba ba ta iya ciro shi daga ƙashi da sauri in ta matsu. Ke nan kullum sai ta ci sabo, ta tumbi yake shiga jininta. To, dabbar da ta kwana biyu a mota ba ci ba sha, ina za ta samo shi?

Tun 1930 wani masani a ƙasar Holan mai suna Sjollema ya bayyana cewa shanun da ke faɗuwa suna shure-shure a kan sabuwar ciyawa, wannan gishiri ne ya yi ƙasa a jininsu. Ɗanyen tsiron farkon damina ruwa ne ya fi yawa a cikinsa, ga fotasiyam da yawa, shi kuwa yana tare wa maganiziyam hanya a tumbi. Shi ya sa a wani lokaci wadda ta fi sheƙi ita ke fara faɗuwa, musamman mai ciki da mai shayarwa.

AIKINSA A ZUCIYA DA JIJIYOYIN JINI

Naman zuciya ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani. Kowace ƙwaya ku ɗauke ta kamar garke mai ƙofa. In za ta matsa, sai kalsiyam ya shiga. In za ta saki, sai a fitar da shi. Maganiziyam shi ne mai tsaron ƙofar, kuma sai da shi ƙwayar ke iya cin ƙarfin da ta tara. In ya yi ƙaranci, kalsiyam ya riƙa kutsawa ba lissafi, fotasiyam da ya kamata ya zauna ciki ya riƙa zubewa waje. Sai bugun zuciya ya rikice, ya yi sauri, ya yi tsalle, wani lokaci ta tsaya cak.

Jijiyoyin jini ma haka. Bangonsu yana da nama mai matsewa da saki. A 1980 wasu masana a Niyok ta Amurka, Turlapaty da Altura, suka gwada jijiyoyin zuciyar kare, suka ga da an rage maganiziyam a ruwan da suke ciki sai su tsuke. Hanya in ta tsuke, ai dole zuciya ta ƙara ƙarfin turi.

ABIN DA ZA MU YI WA DABBOBI

1. Kafin lodi, a ciyar da su busasshen abinci: harawar wake, harawar gyaɗa da dusa. Waɗannan sun fi ɗanyar ciyawa wannan gishiri.

2. Kada a hana su gishirin lasa, domin yana taimaka wa tumbi wajen tsotsar maganiziyam. Amma gishiri da kanwa ba su maye gurbinsa.

3. A tsaya a hanya a ba su ruwa da harawa. Saniya mai tsohon ciki kuwa, gara a bar ta gida.

4. Bayan saukewa, kada a kora su da yunwa kan sabon tsiro. Harawa tukuna.

5. In ta fara karkarwa, ban da duka, ban da hayaniya, domin firgita ke tada farfaɗiyar. A kira likita nan take. Kada wani ya ce zai yi allurar jijiya da kansa, don in aka tura ruwan da sauri shi ma yana tsayar da zuciya.

Amma fa ba kowace faɗuwa ce wannan ba. Dabbar da ta mutu farat ɗaya, jini yana fita ta hanci ko ta dubura, a ji tsoron ciwon saifa. Kada a feɗe, kada a sayar.

MU KANMU FA?

A nan ne darasin ya dawo gida. Babban namiji yana bukatar kimanin miligiram 400 a rana. Iyayenmu sun yi fatauci da fura da gyaɗa a jaka. Mu kuwa yau shayi da burodi da safe, farar shinkafa da lemon kwalba da dare, alhali in aka cire dusar alkama da shinkafa, mafi yawan gishirin ya bi dusar. Wato mun ba shanu mai kyaun, mun ci saura! Mu koma ga gero, dawa, wake, gyaɗa, riɗi, miyar kuka da zogale. Ko waken da ke cikin shinkafa da wake na Nima, da kokon gero da ƙosai, ba abin rainawa ba ne.

Mai ciwon sukari da mai shan maganin hawan jini irin mai sa fitsari sun fi zubar da shi. Wanda ke jin faɗuwar gaba ko ɗaurewar ƙafa da dare, ga asibitin Mamobi da na 37 nan kusa, ya je a auna shi. Kada ya daina maganinsa, kuma kada ya sayi ƙwayar maganiziyam a tasha, domin ga mai ciwon ƙoda tana iya zama guba.

Dabba amana ce a hannunmu, jiki ma amana ne. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, musamman yaran da ke kwana a bayan mota tare da shanu. Allah Ya tsare mana dukiya da lafiya, Ya kai mu kasuwa lafiya, Ya dawo da mu lafiya. Amin.