Darasi Don Iyali: Sa'ad da Yaro Yake Bukatar Tabarau

Gabatarwa

Yaro ƙarami ba ya kawo ƙarar cewa ba ya gani sosai, domin bai taɓa sanin wani irin gani dabam ba. A zatonsa kowa dishi-dishi yake ganin allo. Saboda haka yara da yawa sukan sha bulala a makaranta, a kira su dakikai, alhali kuwa rubutun malam ne ba sa iya gani. Gane wannan matsala nauyi ne da ya rataya a wuyan iyaye.

Yadda matsalar take

Kafin mutum ya ga abu sarai, dole hasken da ya shiga ido ya taru daidai a kan bangon bayan ido. Idan ƙwayar ido ta cika tsawo, abin da ke nesa yakan dushe. Idan ta cika gajarta, karatu yakan gajiyar da ido, ya jawo ciwon kai. Wani kuma gaban idonsa ne bai lanƙwasa daidai ba, sai haruffa su riƙa karkacewa. Aikin tabarau shi ne ya karkata hasken ya sauka inda ya kamata.

Alamun da za a lura da su

1. Yaro yana ƙanƙance ido ko karkata kai idan yana duban nesa.
2. Yana kai littafi dab da fuska, ko ya matsa kusa da talabijin.
3. Yana yawan murza ido da kukan ciwon kai bayan karatu.
4. Ido ɗaya yana kaucewa, wato harara-garke.

Idan aka ga fari a tsakiyar baƙin ido, kada a kwana, a kai shi asibiti, domin yana iya zama yana ko cutar daji.

Dalilin hanzari

Ƙwaƙwalwa koyon gani take yi tun daga haihuwa har zuwa kimanin shekara 7 ko 8. Idan ido ɗaya yana aika mata hoto marar kyau a wannan lokaci, sai ta yi watsi da shi ta dogara ga ɗayan. In an gane da wuri, tabarau yakan gyara, wani lokaci a haɗa da rufe lafiyayyen idon na wasu sa'o'i kowace rana. In an makara, raunin yana iya zama na har abada. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Abin da ya kamata a yi

A kai yaro awon ido kafin ya shiga firamare. Ba sai ya iya karatu ba, akwai awo da hotuna, akwai kuma maganin ɗigawa da ke taimakon likita ya auna daidai. Ana yin wannan a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, da Asibitin Ido na ECWA a Kano, da sashen ido na asibitocin koyarwa.

Kada a sayi tabarau a kasuwa, kada kuma a ba yaro na yayansa, gama kowane ido da ma'auninsa. A guji ɗiga nono ko ruwan ganye a ido. Maganar cewa tabarau yana kashe ido ba gaskiya ba ce. Idon yaro yana girma, shi ya sa akan koma awo kowace shekara. Wasa a waje kamar sa'a 2 a rana yana rage haɗarin raunin ganin nesa.

A ƙarshe, yaron da ake yi wa ba'a yakan ɓoye tabarau a jaka. Iyaye da malamai su ƙarfafa shi, su kuma kwaɓi masu tsokanarsa.

Tambayoyin tattaunawa

1. Me ya sa yaro ba ya faɗin cewa ganinsa ya raunana?
2. Wace illa jinkiri yake jawowa?
3. Yaushe aka yi wa yaran gidan nan awon ido na ƙarshe?