Yadda Duniyoyi Suka Samu Juyi, Karkata da Watanni

Duniyoyi takwas ne ke kewaya rana, dukkansu gefe ɗaya suka dosa, kuma kusan a shimfiɗa ɗaya suke tafiya. Amma da an ɗauke su ɗaya bayan ɗaya sai a ga kowace da halinta. Mushtari, babbarsu, tana gama juyi a kan kanta cikin ƙasa da awa 10, alhali Zuhura sai ta ci kwana 243, kuma da baya take juyawa. Uranus a kishingiɗe take. Uɗarid da Zuhura ba su da wata ko ɗaya, watannin Zuhal kuwa sun haura 200. Abin da suka yi tarayya a kai gado ne daga gajimaren da aka halicce su daga cikinsa. Bambancinsu kuwa karo da jan juna ne suka kawo shi daga baya. Ga yadda masana falaki suka jera matakan.

Mataki na farko: gajimare ya rufta

Kimanin shekara biliyan 4.6 da suka wuce, babu rana babu duniya, sai wani makeken gajimare na iskar gas da ƙura, mai tsananin sanyi, yana ɗan juyawa a hankali. Da nauyinsa ya fi ƙarfinsa, sai ya fara ruftawa zuwa tsakiya. Dokar juyi kuwa ita ce, duk abin da ke juyawa, in ya tsuke jikinsa sai gudunsa ya ƙaru. Kana iya gwadawa a kujerar shagon aski mai juyawa: ka zauna ka miƙe hannayenka, wani ya juya ka, sannan ka naɗe hannayen a ƙirji. Nan take za ka ji kujerar ta ƙara wuta ba tare da kowa ya sake tura ka ba.

Haka gajimaren ya yi ta tsukewa yana ƙara gudu, har ya baje ya zama faifai. Tsakiyar ta tattara fiye da kashi 99 cikin 100 na kayan, ta yi zafi ta kama wuta, ita ce rana. Ɗan abin da ya rage a faifan shi ne aka gina duniyoyi da shi, shi ya sa har yau suke bin hanya ɗaya.

Mataki na biyu: ƙura ta dunƙule

A cikin faifan, ƙwayoyin ƙura suka riƙa mannewa da juna, daga tsakuwa zuwa duwatsu, daga duwatsu zuwa curi mai faɗin kilomita ɗaruruwa. Curin da ya fi girma ya fi ƙarfin ja, sai ya ci gaba da haɗiye na kusa da shi. Da wuya dutse ya faɗo daidai tsakiyar curin. Yawanci a karkace yake zuwa, ya bugi gefe, ya bar masa ɗan juyi.

Can nesa da rana, inda ruwa ke daskarewa, kayan gini sun fi yawa. Curin Mushtari da na Zuhal suka girma da wuri, suka shiga zuƙar iskar gas, iskar tana kwararowa cikinsu tana murɗawa. Wannan ne ya ba su saurin da suke da shi. Saboda gudun juyi, Zuhal ta kumbura ta tsakiya har ana iya ganin haka da madubin hangen nesa.

Tun daga lokacin ba a sake tura Mushtari da Zuhal ba. Sararin samaniya babu abin da zai goge su ya rage musu gudu, don haka juyin da suka tashi da shi ya zauna.

Mataki na uku: manya sun yi karo

Da a ce an tsaya nan, da kowace duniya tana tsaye a miƙe a kan hanyarta, babu karkata. Sai dai a ƙarshen ginin, yankin da ke kusa da rana ya cika da 'ya'yan duniyoyi da dama, wasu girman wata, wasu girman Mirrihi, hanyoyinsu na gittawa juna. Suka yi ta karo har huɗu suka rage. Karo ɗaya babba ya isa ya sauya tsawon yinin duniya, ya kuma ture ta gefe.

Sakamakon yana nan a lissafi. Mushtari ta karkata da digiri 3 kacal, duniyarmu da 23.4, Mirrihi da 25, Zuhal da kusan 27. Uranus kuwa digiri 98, wato mirginawa take yi a kan gefenta. Da yake shekararta ɗaya daidai take da shekarunmu 84, kowace ƙuryarta takan yi kimanin shekara 42 cikin haske, ta sake yin 42 cikin duhu. Yawancin masana suna ganin wani abu da ya kai girman duniyarmu ko ya fi ne ya banke ta, kuma manyan watanninta ma a wannan karkatar suke zagaya ta.

Karkatar tamu ita ke kawo sauyin yanayi. Saboda ita ne rana ke hawowa arewa har ta tsaya tsakar ka a Kano wajen ƙarshen Afrilu, iskar teku mai danshi ta biyo ta, damina ta faɗi. Idan ta koma kudu, iskar Sahara ta samu hanya, hunturu ya shigo.

Mataki na huɗu: watanni, ta hanya uku

Hanya ta farko, a haifi wata tare da duniyarsa. Mushtari ta yi nata ƙaramin faifai lokacin da take girma, a ciki manyan watanninta huɗu suka dunƙule: Io, Yuropa, Ganimid da Kalisto, waɗanda Galileo ya hango a 1610. Alamar irin waɗannan ita ce suna bin tsakiyar duniyar, gefen da take juyawa. Ganimid ya fi Uɗarid faɗi.

Hanya ta biyu, kamu. Abu ya zo wucewa, duniya ta riƙe shi. Triton na Neptun, wanda William Lassell ya gano a 1846, da baya yake zagaya duniyarsa, abin da ba zai yiwu ba da a faifanta aka haife shi. Daga yankin ƙanƙara inda Fuluto take ya fito.

Hanya ta uku, karo, kuma ita ce ta ba mu namu. Kimanin shekara biliyan 4.5 da suka wuce, wata 'yar duniya mai girman Mirrihi, da masana suka raɗa wa suna Theia, ta bugi duniyarmu a karkace. Duwatsu suka narke, wasu suka zama tururi, tarkace ya watsu ya kewaye duniya, daga baya ya haɗe ya zama wata. William Hartmann da Donald Davis ne suka gabatar da wannan bayani a 1975, bayan 'yan sama jannatin Apollo sun kwaso kilo 382 na duwatsun wata tsakanin 1969 da 1972. Da aka auna duwatsun, sai aka tarar sinadarin oksijin ɗinsu kusan iri ɗaya ne da na duwatsun duniya. Ga shi kuma ƙarfen da ke cikin wata kaɗan ne, domin ƙarfe mai nauyi ya nitse cikin duniya, ɓawon duwatsu ne ya fantsama sama.

Mataki na biyar: birki a hankali

Bayan wannan karo, lissafi ya nuna yinin duniya bai wuce awa 5 zuwa 6 ba, wata kuma yana kusa ƙwarai. Abin da ya kai mu awa 24 shi ne jan da wata ke yi wa teku. Yana ɗaga ruwa, duniya na juyawa a ƙarƙashin tudun ruwan tana gogar sa, gudunta na raguwa. Juyin da ta rasa wata ne ke karɓa, sai ya ƙara nisa. Ana harba hasken lesa kan madubin da 'yan Apollo suka ajiye a can, an kuma auna cewa yana ja da baya santimita 3.8 duk shekara. A 1963 John Wells ya ƙirga layukan girma na kullum a jikin daɗaɗɗen murjani mai shekara kusan miliyan 380, ya samu kwana wajen 400 a shekara, wato yini bai kai na yau tsawo ba.

Duniya ta riga ta yi wa wata irin wannan birki. Juyinsa da zagayensa sun daidaita a kwana 27.3, shi ya sa fuska ɗaya muke gani. Rana ta yi wa Uɗarid makamancin haka: juyi uku a kowane zagaye biyu. A 1993 Jacques Laskar da abokan aikinsa a Faransa suka nuna cewa wata yana taimakawa wajen riƙe karkatar duniyarmu tsakanin digiri 22 da 24.5, yayin da ta Mirrihi, wadda ba ta da babban wata, ke lilo da digiri gommai.

Wannan mataki bai ƙare ba. Fobos, babba cikin ƙananan watannin Mirrihi biyu da Asaph Hall ya gano a 1877, yana zagaye da sauri fiye da juyin duniyarsa, don haka saukowa yake yi maimakon nisa. Cikin shekara miliyan 50 ko ƙasa da haka zai tarwatse ko ya faɗa mata. Masana sun rabu biyu kan asalinsa, wasu sun ce kamu ne, wasu sun ce karo. Hukumar binciken sararin samaniya ta Japan ta tsara kumbo mai suna MMX domin ya ɗebo ƙasarsa a kawo a auna, kamar yadda duwatsun Apollo suka bayyana asalin namu watan.